Sunan Amalanke

Ranar da na fara aiki a kantin Gadsden
wata tsohuwa ta ja ni da hannun riga:
"Baiwar Allah, miƙo mini bogi."
Na duba hagu, na duba dama,
na leƙa har filin ajiye motoci
ina neman doki da karusa.
Ta yi nuni da haɓa: ga shi nan gabanki.
Ashe amalanken kanti ne, na waya, mai ƙafa huɗu,
wanda nake turawa tun kaina bai kai mariƙinsa ba,
ban taɓa jin yana da wani suna ba.

A Fall River, inda aka yanke mini cibiya,
karij muke ce masa.
Haka uwata ta faɗa, da harshenta mai gishirin Fotugis.
Haka Gilberto ya faɗa shekara talatin da ɗaya,
ya jingina a kansa kamar mai dogara sanda
a gaban teburin kifi, yana mitar farashi.
Da muka binne shi sai 'yata ta ce,
"Taho Alabama, Mama, sanyin can zai ƙarasa ki."
Na ɗauro tukwane da hotuna da kalmomina.
Tukwanen sun iso lafiya.

Manajanmu Thurman yana da littafin kamfani
mai shuɗin bango, kusurwa duk maiƙo.
A ciki baskat aka rubuta:
kwando da amalanke aka ɗaura wa aure a ofis,
suna ne da babu uwar da ta koya wa ɗanta.
A lasifika yakan ce, "A tattaro baskat."
Da ya ajiye sai ya waiwayo,
"Lorraine, bogi fa sun cika waje."

Kealoha mai kawo madara ran Talata, mutumin Hilo,
wagon yake cewa, ba ya ko neman afuwa.
Wata nas daga Leeds ta taɓa tambayar toroli,
Dexter mai goge ƙasa ya ce mata, cikin ladabi,
garin nan ba shi da jirgin kan titi.
Mun yi dariya har aka tashi.
Ni dai tawa dariyar ba ta kai ciki ba.

Wata takwas ina riƙe da nawa
kamar mai ɓoye tsohon kuɗi a lalita.
In na ce karij, su ce, "Sake faɗa mana!"
su kira na bayan kanta su zo su ji.
Sai na koma cewa "wannan", in nuna da yatsa.

Jikata Odessa takan zauna a 'yar kujerar gaba,
ƙafafu biyu na lilo ta tagogin waya,
tana ihu, "Kaka, tura bogi da gudu!"
Wa zai tsaya gyara wa 'yar shekara uku baki?
Turawa nake yi.

Ran Lahadi ina waya da yayata Fátima,
ina ba ta labarin ruwan da ya doke ni,
na ce, "Bogi ashirin na jero ni kaɗai."
Layin ya yi shiru.
Har ina jin ƙarar agogon kicin ɗinta.
"Me kika jero?"

Akwai guda ɗaya mai karkatacciyar ƙafa,
kullum can ƙarshen fili nake tsintar sa,
ƙarƙashin fitilar da ke ƙyafta ido.
Ba mai son sa, yana ja hagu, yana kuka.
Shi nake barin na ƙarshe.
In na kama mariƙin, sanyin dare a tafina,
nakan sunkuya, ba mai ji,
in ce, "Taso, karij, mu shiga ciki."
Ya ja hagu, in bi shi,
mu yi doguwar hanya zuwa ƙofa.