Takardar da Ke Aljihuna

Ruwan sama ba ya gajiya a Rize.
Tun asuba yake zuba a kan gonar shayi,
ni da Nermin muna hawan tudu da almakashi da buhu,
ba mai ce wa wani uffan.

Shekara tara ke nan.
Ba da kalanda na ƙirga su ba,
da ƙarar ƙofar banɗaki a ƙarshen wata,
da yadda take sakin famfo da ƙarfi
don kada in ji.
Ina ji.

Mahaifiyata ta sayar da zobenta
ta sayo zumar Anzer, 'yar kwalba,
ta dire gaban Nermin, ba gabana ba.
"Cokali ɗaya da safe, 'yata."
Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya,
ta sha har ta ga gindin kwalbar.

Alhali a aljihun kwat ɗina akwai takarda
daga asibitin Trabzon, ninki huɗu,
ta yi laushi kamar tsohon kuɗi.
Likitan bai dube ni ba da zai faɗa:
"Ekrem, matsalar ba daga matarka take ba."
A motar komowa, teku na hagunmu,
ta damƙe hannuna ta ce,
"Kada ka gaya wa kowa. Ni na riga na saba."

Na yi shiru, shirun kuma ya yi mini daɗi.
Nan ne na kasa yafe wa kaina.

Shimfiɗarmu ma ta koma wurin aiki,
a duba kwanan wata, a auna zafin jiki,
kamar masu layi gaban sikelin kamfani.
Mun yi faɗa a kan gishiri,
a kan fitilar da aka bari a kunne,
a kan bashin banki da kuɗin allura.
Ainihin maganar tana zaune tsakaninmu,
muna miƙa wa juna burodi ta saman kanta.

Jiya, a walimar kaciyar ɗan ƙanena,
gwaggo Hikmet ta dafa cikin Nermin:
"Ƙasa ga kyau, sai dai ba tsiro."
Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.
Na ga wuyanta ya yi ja.
Sai na ji muryata, kamar ta wani:
"Gwaggo, ƙasa lafiyarta lau. Iri ne babu rai."

Cokulan shayi suka daina kaɗawa.
Mahaifiyata ta kalli yatsanta, inda zobe yake a da.

A hanya Nermin ba ta jira ni ba.
A gida ta ce, "Wa ya aike ka?"
Ta yi kuka, ba ta buɗe famfo ba.
Can cikin dare ta soya kifin hamsi,
ta zuba mana a faranti ɗaya.
Gishiri ya yi yawa.
Muka cinye.