Mai Kwale-kwale Ya Mutu a Kashi na Biyu

A Hakodate, bayan kasuwar kifi,
Norifumi na da shago, faɗinsa bai fi tabarma uku ba,
yana gyaran tsofaffin na'urorin wasa,
irin waɗanda sai an hura musu baki kafin su farka.

'Yarsa Chizuru ta shigo da ƙanƙara a kafaɗa,
ta ce, "Baba, jiya na ga Tokuji.
Yana kashi na tara, yana sayar da igiya a bakin gaɓa,
har ragi ya yi min."

Ya ajiye sukudireba.
"Tokuji ya mutu a kashi na biyu.
Ya tura kwale-kwale muna ciki,
ya tsaya shi kaɗai a kan gada, ruwa ya ci shi.
A gabana aka yi."

"Kamfani ya ce mafarki ne.
Sun buga littafin tarihin wasan, shafi ɗari uku,
wai kashi na biyu reshe ne, ba tushe ba,
wai yarinya mai fitila ce zazzaɓi ya nuna wa."

"Mafarki? Wata uku muna mafarki ɗaya?"

Ba su kaɗai ba ne.
Duk daren Asabar a shagon taliyar tsohuwa Kaneyo
gardama ta raba tebura:
ga masu cewa tagwaye ne,
ga masu rantsuwa tabon a kuncin hagu yake da, yanzu ya koma dama,
ga Heisuke direban jirgin ƙasa
da ya jera shekarun labarin a bayan kalanda,
ya gano in an bi lissafi
sarauniyar ta girmi uwarta da shekara huɗu.
Romo na hucewa, ba mai kurɓa.

Chizuru ta ce, "Baba, zane ne fa, ɗigo-ɗigo.
A zamaninku ko hanci ba shi da shi."

Bai tanka ba. Ya jawo akwati daga ƙarƙashin kanta,
ya fito da kaset mai ruwan toka.
Sau huɗu ya canja masa batir,
numfashi a riƙe, kada ajiyar ta goge.
Allo ya kama, ga sunaye biyu:
NORI, sai MASA.

"Baffanki Masaharu ke riƙe da linzami ranar.
Shekararsa goma sha ɗaya.
Da gadar ta karye ya yar da shi,
ya shige bayi ya kulle, wai ciki ke murɗa masa.
Ina jin shessheƙarsa ta ƙofa.
Shekara shida bayan nan jirginsu na kamun kifi bai dawo ba.
Ban ga komai ba. Babu gada, babu kiɗa,
sai wani mutum a bakin ƙofa da hula a hannu.
Mutuwar da muka gani tare ita ce ta Tokuji.
Ita za su ce min ba a yi ba?"

Murhun kananzir ya yi ta ƙaramin tarinsa.
Ta buɗe baki, ta rufe.

Da dare ta bar tata na'urar a kunne,
ta kwanta, ba ta yi barci ba.
Ta ji takunsa, ta ji kujera ta yi ƙara.
Ta tsagin ƙofa ta gan shi, tabarau a kan hanci,
yana laluben maɓallan da suka yi masa yawa,
yana cin karo da bango, da ganga, da kare,
har ya isa bakin gaɓa.

Mai igiya ya ce, "Wannan ba ta tsinkewa."
Ya danna kuma.
"Wannan ba ta tsinkewa."
Sau goma sha ɗaya, ta ƙirga.

A hankali ya ce, "Ba shi ba ne."
Amma bai tashi ba.
Da safe ta tarar kuɗinta na wasa sun ƙare ƙaf,
jakarta cike da igiya.