Ƙashin Filafili

Na sauka Hasköy da littafin aljihu,
kowane shafi na tsaga shi da jan layi:
hagu Turanci, dama Turkanci.

Kakana Zihni, shekara arba'in da ɗaya
yana ƙetarar da mutane zuwa Balat,
bayansa ga inda za shi,
idonsa ga inda ya baro.

Na ce masa ni ma ina tuƙi,
a kogin Thames, mu takwas, da sanyin asuba,
jirgi siriri kamar tsinken sakace.
Ya ce, "Wa kuke kaiwa?"
Na ce, "Ba kowa."
Ya daɗe yana juya cokali a shayin da ba sukari.

Na ɗaga filafili na ce, oar.
Ya gwada a bakinsa, ya tofar.
"Wannan ai hamma ce, Selmin.
Ce kürek.
Kin ji katako ya yi ƙara a ciki?"
Na rubuta.

Turken da ake ɗaure filafili a jikinsa,
wanda igiya ta ci masa wuya,
wanda yake shafa wa kitse kowace Juma'a,
sunansa ıskarmoz.
Namu na ƙarfe ne, rowlock,
rabin haruffansa ma haɗiye su muke yi.

Jirgin kansa sandal ne.
Na ce a London wannan takalmi ne.
Ya leƙa ƙafata, ya leƙa jirginsa:
"Shi ya sa ba kwa kai kowa."
Kayık kuwa, na ba shi labari,
Turawa sun ara, sun ce caique.
Ya ce, "Aron da ba a mayarwa
yana da wani suna a unguwarmu."

Rana ta uku ya ba ni mazauninsa.
Filafili ya nutse, ya maƙale, ya doke ni a ciki.
Daga kwance na ce, mu wannan
kama ƙaguwa muke ce masa.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
sai ga jirgin fasinja ya taso mana,
ya daka tsawa: "Siya! Siya!"
Ban san kalmar ba.
Hannuna ne ya gane, ya tura baya.
Ita kaɗai ce ban rubuta ba,
ita kaɗai ban taɓa mantawa ba.

Da yamma kafaɗa ta hana ni sakat.
Ya ɗora tafinsa mai kanta a allon bayana:
"Kürek kemiği. Ƙashin filafili.
Da biyu aka haifi kowa,
har ubanki
da ya ce zamana a nan tuƙi ne gaba da igiyar ruwa,
ya hau jirgin sama."

Na koma. Littafin ya kwana biyu a aljihun jaka,
ya sha ruwa, jan layin ya baje
har hagu ta shiga dama.

Watan Fabrairu aka kira ni.
Tudun Eyüp, ƙasa jiƙe, ruwan Haliç a ƙasanmu
launin tsohuwar kwano.
Ina tsaye can baya cikin mata
na ji wani dattijo ya ce da ubana,
"Kürek."
Na waiga ina neman jirgi.

Shebur ne.
Ashe sunansu ɗaya,
bai taɓa gaya mini ba.
Ba a miƙa shi hannu da hannu:
kowa ya zuba uku ya ajiye,
na baya ya sunkuya ya ɗauka.

Ubana, da bai taɓa riƙe filafili ba,
ya ɗauka, ya nitsa, ya ɗago,
allunan bayansa suna motsi a ƙarƙashin kwat.
Bai tsaya a uku ba.

Daren nan na buɗe shafin farko.
A dama, kalma ɗaya, da rubutuna na bara.
A hagu na riƙe alƙalami
har shayin ya huce.