Ƙarfe Ba Ya Mantuwa

Shekara ashirin da uku ina walda a Panteka,
idona na hagu ya san tartsatsi fiye da barci.
Ranar Asabar Lubabatu ta ja hannuna
zuwa shagon Zakka, bayan Kasuwar Barci,
inda janareto ke tari tun hantsi,
wai in zo in ga ƙatonta na ƙarfe yana yaƙi.

Na gani.
Tsayinsa ya yi bene hawa uku,
bindiga a kowace kafaɗa, ƙafafu irin na jimina.
Aka narka masa wuta a ƙirji,
wani koren zare a saman allo ya ɗan rage.
Aka ƙara masa a gwiwa, zaren ya koma ja.
Gogan naka kuwa sai sheƙa gudu yake
kamar yau aka ɓare shi daga leda.
Ya taka wani akwati mai ƙyalli,
shi ke nan, ya warke sumul.

Na ce, 'yar nan, wannan ƙarya ce tsagwaronta.
Gwiwar da ta sha wuta ba ta gudu.
Boris zai tarwatse, mai zai tsiyaye,
noti ɗaya in ya kwance sai ya kira 'yan'uwansa.
Kwana tara na yi ina miƙar da shasin wata tifa,
har gobe in ta hau gadar Kawo hagu take ja,
Ɗanliti direba ya saba,
a karkace yake riƙe sitiyari ko a motar wani.
Ƙarfe ba ya mantuwa.

Zakka ya yi dariya, ya sauya wasa.
Ya ce, Baba, ga irin naka.

A nan babu zare.
Inda aka buga, nan ke ciwo.
Na karɓi abin latsawa da yatsuna tara,
na goman yana wajen injin yanka tun ba a haife ta ba.
Suka cire mini hannun dama, bindigar ta bi shi ƙasa,
nauyi ya koma gefe guda, na fara tangaɗi.
Gilashin gaba ya tsage, tsagar ta zauna daram,
ta cikinta nake leƙen abokan gaba.
Lagireto ya huje.
Allura ta hau ja.
In na harba sau uku a jere injin ya shaƙe,
sai in tsaya bayan rusasshen gini in jira ya huce
kamar tsohuwar bas a hanyar Kachia.
Ƙafar hagu na jan ƙasa tana zana layi a baya,
layin da suka bi suka same ni.

Minti shida na yi. Na mutu ina murmushi.
Na ce, yauwa! Wanda ya ƙera wannan
ya taɓa kwana a ƙarƙashin mota.

Lubabatu ba ta yi dariya ba.
Ta ce, Zakka, mayar mini da na farkon.
Baba, in gaskiya nake so ai na san hanyar Panteka.
Kullum da asuba ina jin ka
kana dafa bango kafin ka miƙe daga sallaya.
Bar mini waje ɗaya
da ake taka akwati a warke.

Na laluba aljihu, na ba Zakka ɗari biyu,
kuɗin wani zagaye.
Na zauna a benci ina murza gwiwa,
ina kallon koren zaren nan yana cika,
yana raguwa, yana cika.

Da za mu koma gida ba mu sami Keke ba.
Muka taka.
Wajen shataletale na lura
ta rage saurinta,
ba ta ce komai ba,
tana tafiya ta gefen da nake karkata.