Buhu na Ɗari Biyu da Hamsin da Shida

An ɗauke wuta a Tawa tun la'asar,
batirin na'urata saura kwata.
Ina zaune bisa buhu a shagon Kawu Hankurau,
warin albasa ya shige har ƙarƙashin madannai,
ina laluben inda lissafina ya ɓata.

Jiya da hantsi mota ta iso daga Tamaske,
ƴan dako na saukewa, ni ina latsawa.
Ɗari biyu da hamsin da huɗu. Da biyar.
Zabeiru ya dire na gaba, ya share goshi,
allo ya ce sifili.
Shago cike har bakin ƙofa, ba wurin taka ƙafa,
allo ya ce ba mu da kome.

Kawu ya leƙo ta saman tabarau:
"To, ɗan lakkwal, injinka ya cinye albasata ɗanya?"
Ƴan dako suka yi dariya har da riƙe ciki.

Laifina ne, ba na inji ba.
A harshen C, kafin ka zuba, kai ke zaɓen mazubi:
ko ludayi, ko tiya, ko rumbu.
Ni rowa ta sa na ɗauki ludayi,
ƙwaya takwas kacal, wai ina tattalin wuri.
Da ya cika bai yi kuka ba, bai malalo ƙasa ba,
kifewa ya yi, ya soma daga fari
kamar ba a taɓa saninsa da kaya ba.

Malama Tsahara ta sha faɗa mana a aji:
"Wannan harshe jaki ne mai ladabi,
in ka nuna mishi rijiya, zai shiga."

Ga jeri kuma. Ɗaki goma na nema,
na farko sunansa sifili, na ƙarshe tara.
Na mance, na taka na goma.
A gona da gamba kan iyaka, tana tsai da hauyarka;
nan babu gamba.
Na yi noma cikin gonar maƙwabci ban sani ba,
na shafe bashin Hajiya Gwamma,
jikka arba'in da aka rubuta tun damina.

Na raba bakwai gida biyu, ya ba ni uku.
Kawu ya ce, "Rabin fa?
A rabin nan ɗan kasuwa ke kwana."

Shi bai taɓa zaɓen mazubi ba.
Shekara talatin kasuwar nan na cikin kansa,
wa ya biya, wa ya yi alkawari ya tafi Abala bai dawo ba.
Amma ɗazu da zai tafi masallaci
ya juyo ya ce, "Assumana, rufe shago."
Assumana babana ne.
Shekara tara ke nan da muka kai shi.

Mu ma muna da irin wannan a aikinmu:
manuni da ke riƙe da kwatancen gida
bayan an mai da gidan ga mai shi.
Ka bi shi, ka ƙwanƙwasa,
wani ne zai buɗe.

Na amsa, "To."

Shi ya sa nake zaune cikin duhu da sauro,
ina sauya ludayi da rumbu,
ina dasa gamba a bakin kowane jeri,
abin da na ara ina mayarwa da hannuna.
Bashin Hajiya gobe zan tambaye shi da sassafe,
lokacin da kansa ke sarari.

Fanka ta motsa. Wuta ta dawo.
Na tashi na dafa buhun farko na ce sifili,
na dafa na biyu na ce ɗaya.