Awa Biyu Kafin Haske

Tsoho Kanamori na asibiti, an buɗe masa ƙirji.
Ya bar mini mabuɗi da takarda manne a gilashin kifayensa,
rubutun wanda ya shekara talatin da huɗu
yana sallamar jirage a tashar Kanazawa,
ba a taɓa bin sa bashin minti ɗaya ba:

“Sachie, gas sha ɗaya, fitila ƙarfe ɗaya.
Gas ya tsaya bakwai, fitila takwas.
Kada tausayi ya sa ki ƙara.”

Na ce a raina, ciyawa ce fa a cikin ruwa.

Sha ɗaya na cika wani abu ya ce ƙas a bayan kabad,
kumfa ta soma hawa, ƙanana kamar garin shinkafa,
cikin duhu, ba mai kallo.
Awa biyu ruwa na shan kabon,
yadda ake ɗora tukunya tun baƙo yana hanya.
A kusurwa wata 'yar kwalba shuɗiya
tana rikiɗa a hankali, ta koma koriya.
Sannan haske.
Ganye ya farka ya tarar an riga an zuba masa.
Kafin ƙarfe huɗu kowanne ya yi zufar azurfa,
ɗigo na kuɓucewa sama, ɗaya, sai can wani.

Daren Laraba dusar ƙanƙara ta ɗauke wuta,
agogon ya dawo a ruɗe,
gas ya kwana yana zuba.
Ni ban san in dare ya yi ganye ma jan numfashi yake ba,
yana wawason iska da kifi.

Da sassafe na shigo, kwalba ta yi rawaya.
Kifaye sha tara cunkushe a saman ruwa
baki buɗe, kamar masu jiran jirgin da ya makara,
jatan lande ɗaya kwance a yashi, ya yi ja.
Na murɗe bakin tukunyar gas,
na kwashe rabin ruwan da robar wanke-wanke,
safata jiƙe, hannu na rawa,
ina ba kifi haƙuri da babbar murya.

Da yamma na same shi, siririn tiyo a hanci.
Na faɗa masa duka, har jatan landen.
Ya yi shiru, ya daɗe yana duban rufi.
“Da wane agogo kika saita?”
Na ce na wayata.
“Gobe ki bi ta tasha.”

Ya yi dariya, tari ya karɓe.
Da ya lafa ya yafito ni kusa:
“A nan ƙarfe biyar suke kunna fitila, kwatsam,
mutum bai ko tara numfashi ba.”

Yau na zo tun goma da rabi.
Ina zaune a duhu da rigar sanyi,
ina jiran ƙas.