Tagwayen Titin Morse

Asubar Juma'a muka kama layi, ni da Sagiru,
Columbus na barci, titin Morse ba kowa,
sanyin Satumba na cizon kunne,
aljihu na kuka tun ba a taɓa shi ba.

Shi ya faɗa shagon masu jan tambari,
ni na tsallaka wajen masu shuɗi,
don sun ce za su karɓi tsohuwata,
wadda fuskarta ta dare kamar ƙasan tafki a bazara.

Yarinyar kanti, Marisol aka rubuta a ƙirjinta,
ta miƙo takarda mai tsawon rawani.
Wata talatin da shida.
Na sa hannu kamar mai jinginar da gona.

Da hantsi muka jera su a kan cinya:
launi ɗaya, nauyi ɗaya,
ido uku-uku a ƙeya,
Hassana da Usaina, ko uwarsu sai ta duba.

To ni ɗakina a ƙarƙashin ƙasa yake,
inda taga ke kallon takalman masu wucewa.
Nan tasa ta miƙe da sanda huɗu,
tawa ɗaya tal, ita ma tana rawa
kamar haƙorin da ya kusa sallama.
Sagiru ya yi dariya har da tari:
"Kai dai ko yaushe jaki kake sayowa a kuɗin doki."

Ban yi barci ba.
Ranar Asabar na kai ƙara gun Baba Iddi,
mutumin Kumasi, mai gyara a bayan shagon nama,
Hausarsa ta zango, tabaransa ɗaure da zare.
Bai kwance ko kusa ɗaya ba.
Lamba ya karanta, ya juya su, ya tsaga goro,
ya ce, "Yaro, riga ɗaya ce, hanta daban.
Dubi gefen ta abokinka, ka ga bille?
Taka ba ta da shi.
Kowane kamfani da kunnen da ya sa a dasa mata,
don ta ji kiran hasumiyar gidansu.
Uwa ɗaya ta haife su, ba gida ɗaya aka yaye su ba."

Na ce, to idan na je Funtuwa da Sallah fa,
ina zan zura ɗan katin layin gida?
Ya shafa gefenta da babban yatsa,
sumul, ba ƙofa, ba taga.
"Wadda aka kai wata ƙasa tana da rami.
Wannan a iska ake ɗaura mata layi.
Kuma a kulle take, ɗana,
sai ka biya ta sake ka."

Na koma wajen Marisol.
Ta yi murmushin da aka koya mata,
ta nuna mini layi na tara a shafi na huɗu,
rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata.
Laifin wa? Ni na ga kitse, ban taɓa ba na ce rogo ne,
ko rogon na gani na ce kitse, oho,
kuɗin mayarwa ya kai cefanen sati.
Na mayar da ita aljihu.

Yanzu in Yahanasu ta kira da dare
sai in hau matakala goma sha uku,
in tsaya gefen kwandon shara, inda sanda ke zama uku,
hula har kunne, numfashi na hayaƙi.
Hotonta fes, har zanen lallen hannunta nake ƙirgawa.

Jiya ta matso da fuska, ta daɗe tana dubana,
ta ce, "Kai ne dai, Tukur, ba ka canza ba,
amma sai na yi magana sau biyu kake ji."
Na ce layi ne, Yaya.
Ta ce, "To."